Tayoyin Ba Mala

Mahaifina, Ba Mala, bai taɓa yarda da geji ba, wato ma'aunin iskar taya. Shekara talatin da takwas ya yi yana jan tirela, yana kwasar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, ya juyo da siminti ko gishiri, kuma duk tsawon wannan lokaci da kunne yake auna iskar taya. Yana da wani guntun ƙarfe mai tsawon kamu guda, wanda tafin hannunsa ya goge har yana sheƙi. Sai ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ya karkata kai yana saurare. Wadda ta amsa masa da ƙara mai kaifi ya wuce ta. Wadda ta yi masa dum ya tsaya a kanta ya ce, "Wannan ba ta yi magana ba." A garejin manyan motoci har yau ana ba da labarin yadda ake kawo geji don a ƙure shi, a tarar abin da Ba Mala ya faɗa shi allurar ta nuna. Da wannan labari muka tashi, kuma ni na fi kowa yayata shi a makaranta.

Sunana Munawwara. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ina aure a Yerimaram, iyayena kuma suna Dogo Tebo, duk a cikin Potiskum, tafiyar minti goma a keke in mai keken bai tsaya wa duk wanda ya ɗaga hannu ba. Shekara shida da Baba ya ajiye tuƙi, ƙodar mahaifiyarmu, Hajja Meram, ta gaza. Likitan da ke ganinta yana Damaturu, can aka ba ta gurbin wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Yayanmu Babagana da ke aiki a Fatakwal ya aiko da wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, 'yar Kwatano, ya ce a nemi direba.

"Direba?" in ji Baba a waya, da ƙarfin da sai da maƙwabta suka ji. "Ina raye, da hannuwana biyu? Kai Babagana, da wace sana'a na ciyar da kai?"

Babagana ya janye, amma ya gindaya sharaɗi: duk ranar da aka ga wata gazawa a jikin Baba, makulli ya koma hannun wani. Baba ya kashe wayar. Da yammar nan ya jawo ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, ya goge shi da tsumma, ya zagaya 'yar motar yana harararta kamar an kawo masa akuya an ce ya hau.

Ni ce 'yar rakiya, don ni ce 'ya mace mafi kusa. Duk Litinin da Alhamis nakan iso da hantsi bai yi ba, mu shimfiɗa wa Iya bargo a kujerar baya, ta kwanta, kanta a cinyata. Kafin mu kama hanya sai mun biya wurin Saleh mai faci a bakin gareji. Saleh ya saka tiyo, Baba ya buga ƙarfe, ya ce a ƙara. Ya sake bugawa, ya ce a ƙara. Sai tayar ta yi magana ake cire tiyo.

Ban taɓa shiga mota mai azaba irin wannan ba. 'Yar tsakuwar da aka taka sai ka ji ta a haƙoranka. Daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta duk gargada ce, daga nan kuma ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga wuraren da ruwa ya ci hanya. Masu ciwon ƙoda ƙasusuwansu ciwo suke yi, ko zani ka ja a jikin Iya sai ta runtse ido. A cikin motar nan kuwa duk tsallen da aka yi ina jin yadda take ƙanƙame gwiwata, tana cizon gefen mayafi don kada sauti ya fita. Muna isa Damaturu gefen mayafin ya jiƙe sharkaf. Baba ya zagi hanya, ya zagi masu ƙera motocin 'yan gayu, sau biyu yana sa a canza shokazoba. Ni ma na taya shi zagin, don ban san komai game da mota ba sai kalarta.

A wata na huɗu, wata Alhamis, bayan an gama ba da iska, Baba ya hango wani tsohon abokin tuƙinsa ya tsallaka titi su gaisa. Saleh ya leƙo ta taga. Dattijo ne, gemunsa fari fat, ɗan Karai-Karai, Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"Malama, fito ka ga wani abu. Maza, kafin ya dawo."

Na zare cinyata a hankali daga ƙarƙashin kan Iya, na fito. Ya durƙusa, ya danna gejinsa a bakin bawul na tayar baya, ya juyo mini da shi.

"Karanta. Kai ne ɗan boko."

"Sittin da biyu."

Sai ya buɗe ƙofar direba, ya tofa yawu a babban yatsa, ya goge wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙarfen ƙofar, wadda na sha gani ban taɓa dubawa ba. Ga hoton mota, ga lambobi.

"Wanda ya ƙera motan shi ya rubuta wannan. Talatin da biyu gaba, talatin da biyu baya. In an cika shi da kaya da mutane, baya talatin da biyar. Shi ke nan. Lamban da ke jikin taya, arba'in da huɗu, ba shi ake sakawa ba, iyakan abin da tayan zai iya ɗauka ne. Ba Mala shi ma ya wuce shi." Ya shafa tayar da tafin hannu. "Duba nan. Tsakiya ya cinye, gefe sabo fil. Motan a kan tsini yake tafiya. Wannan ba taya ba ne, dutse ne. Hajja a kan dutse yake kwance."

Raina ya ɓaci nan take, kuma a kan Saleh na fara saukewa. Na ce to shi da ya sani, don me yake ta ɗura iskar? Ba shi ke riƙe da tiyon ba?

Bai ji haushi ba. Ya ce Ba Mala ne ya samo masa wannan gurbin a bakin gareji shekara talatin da suka wuce, shi ya koya masa sauraron taya, ba zai iya ɗaga geji a fuskarsa ba. Ya ce ya gwada, Allah shaida, ya ce masa ta isa, Ba Mala ya buga ƙarfe ya ce bai ji ta ba.

"Kunnensa na tirela ne, tun farko a arba'in da biyar ya tsaya, na ce ba komai, zai saba. Bayan wata ɗaya hamsin. Kafin azumi hamsin da biyar. Yau ka gani da idonka. Tayan bai canza ba, Malama." Ya ɗaga yatsa ya taɓa kunnensa, ya kawar da kai.

A tsaye a wurin abubuwa suka riƙa dawo mini. Rediyon Baba da ake jiyowa daga bakin layi. Yadda ya koma sahun farko a masallaci, daf da liman. Yadda in ka yi masa magana ta baya sai ya ci gaba da abin da yake yi, mu kuma mu ce ai Baba miskili ne. Saleh ya zura hannu a aljihu ya ba ni wani ɗan geji siriri mai kama da biro, ya nuna mini yadda ake dannawa, ya ce da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya tayar ta ɗau zafi. Na cusa shi a jaka daidai lokacin da Baba ya tsallako titi yana dariya.

Ranar nan, bayan an ɗaura wa Iya na'ura, Baba ya fita ya zauna a gindin darbejiya kamar yadda ya saba. Na matso da kujera na faɗa mata duk abin da Saleh ya ce. Na yi zaton za ta firgita. Ko gira ba ta ɗaga ba.

"Maganar kunnen na riga ki sani da shekara biyu," in ji ta. "Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ta tayar ce ban sani ba, amma jikina ya ba ni."

"To yau zan gaya masa, Iya."

"Ba za ki gaya masa ba."

"Iya, kina ganin yadda kike isowa nan? Mayafinki..."

"Mayafina ne ko naki?" Ta numfasa, ta jira na'urar ta gama wani ƙugi da take yi. "In kin ce masa iskar ta yi yawa, zai ce ta yaya. Sai kin ce masa kunnensa ya mutu. Daga nan sai Babagana ya ji, don bakinku ba ya riƙe magana, ku 'ya'yan Malam. Sai a ɗauko mini wani ƙato ya zauna a gaba yana danna waya, babanku kuma a bar shi a ƙofar gida da carbi. Wata nawa kike jin zai yi?"

Na ce lafiyarta ake magana, ba tasa ba.

Sai ta yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo. "Munawwara, shekara talatin da takwas mutumin nan yana ɗaukar shanu. Kwana huɗu nake ganinsa a wata, biyu daga ciki barci yake. Haihuwarku biyar, ba ko ɗaya da yana gari. Ban taɓa shiga motarsa ba, ko sau ɗaya. Yanzu da layi ya zo kaina, kina so ki sauke ni? Ina kwance ina kallon ƙeyarsa, yana ba ni labarin kowace kwana da kowane gari, ko ba ya jin amsata. Ki bar ni. Ki yi mini alkawari."

Na yi mata alkawari. Har yau ban san ko biyayya ce ko tsoro ba, amma na san haushin kaina nake ji duk lokacin da na tuna.

Alkawarin baki na yi, ban yi na hannu ba. Baba in ya tafi sallar asuba ba ya dawowa sai rana ta fito. Sai na fara zuwa da wuri. In durƙusa a gindin kowace taya da tsinken ashana, in danna bawul, in auna, in sake dannawa, har allura ta tsaya a talatin da biyu. Malamar makaranta, uwar 'ya'ya uku, ina rarrafe a ƙasa da hijabi ina satar iska a gidan ubana.

Banza ce ta kori wofi, don Baba na dawowa ƙarfensa yake fara ɗauka. Ya buga, ya karkata kai, ya ɓata fuska. "Duka huɗun? A kwana uku?" Muka nufi wurin Saleh. Aka kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya aka tsoma a bahon ruwa ana neman inda take tsiyaya, babu ko kumfa ɗaya. Aka canza bawul. Mako na gaba aka sake canzawa, Baba ya ce wa Saleh a gaban mutane ya tsufa, ya fara sayen kayan bogi. Saleh ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Ba Mala." Ya kalle ni ta wutsiyar ido, ni kuma na kalli ƙasa. Duk abin da na samu shi ne mun riƙa makara, Iya tana kwance a mota cikin zafi ana ta gwajin taya.

Sau ɗaya tak na ci nasara, ita ma rabi. Wata Litinin muka tarar injin Saleh ya ƙi tashi. Ko da gaske ne, ko shi ya zare wani abu, ban tambaya ba. Lokaci ya ƙure, Baba ya yi tsaki ya ce mu je a haka. Motar ta hau kwalta kamar ba ita ba. Tudun farko ta haye shi lumui. Kafin mu wuce Mamudo na ji kan Iya ya yi nauyi a cinyata, hannunta ya saki gwiwata, bakinta ya ɗan buɗe. Barci take yi. Wata biyar ban ga ta yi barci irin wannan ba, ko a gado. Na riƙe numfashina don kada in tashe ta, hawaye na zuba ban share ba.

Baba kuwa hankalinsa a tashe yake. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana ta gunaguni, wai motar tana nitso, wai a kan tsumma muke tafiya, wai haka ake kashe iyali. Muna shiga Damagum ya hango mai faci a gefen hanya ya taka birki.

"Baba, don Allah mu wuce, barci take yi," na ce, da muryar da ba za ta tashe ta ba. Muryar da ba za ta tashe ta ba kuwa ba ta isa kunnensa ba. Ya fita da ƙarfensa. Ina ji ana ɗura iska, ina jin motar tana ɗagawa a ƙarƙashinmu kaɗan-kaɗan, ina jin bugun ƙarfe. Ya dawo yana goge hannu, fuskarsa a sake. "Yanzu muka samu mota." Tudun farko bayan Damagum Iya ta farka da salati, ta laluba ta kamo gefen mayafinta.

Daga ranar na daina. Na bar gejin a jaka, tare da alli da jan biro.

Damina ta yi nisa, hanya ta ƙara lalacewa, Iya kuma ta ƙare a tsaye. Ɗaukarta muke yi zuwa mota. Wata Alhamis a cikin Agusta, mun wuce Ngelzarma kaɗan, tayar baya ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Iya ta yi ƙara. Ba salati ba, ƙara, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba tun da aka haife ni. Alkawarin nan take ya fita daga kaina.

"Baba, iskar tayar ce ta yi yawa. Kai kake wahalar da ita."

Ya ɗan juyo. "Me kika ce?"

Da a ce ya ji tun farko, wataƙila da a hankali maganar ta tsaya. Amma sai da na ɗaga murya, kuma mutum ba ya ihu da ladabi. Na ce masa sittin da biyar yake zubawa inda aka ce talatin da biyu. Na ce wata bakwai yana jan ta a kan dutse. Na ce tayar tana magana, shi ne ba ya ji, kunnensa ya tafi, kowa ya sani, Saleh ya sani, Iya ta sani, ni ce nake sace iskar. Na zaro gejin na jefa kan kujerar gaba.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Bai kashe mota ba, bai juyo ba. Ina kallon ƙeyarsa, da jijiyar da ke harbawa a bayan kunnensa. Iya ta ja hijabina, na sunkuya.

"Ce masa ƙarya kike yi," in ji ta, da ƙyar. "Ce masa ni ban taɓa jin komai ba."

Baba ya ga motsin bakinta a madubi. "Me ta ce?"

Na kalli Iya, ta kalle ni. Na ce, "Ta ce mu tafi."

Ta juyar da fuskarta ga jingina, ba ta sake ce mini komai ba. Baba bai taɓa gejin ba. Ya saka giya, ya ja mu a hankali, a hankali, har masu keke suna wuce mu, yana zagaye kowane rami kamar mai tafiya a kan ƙwai. Babu labarin kwana, babu labarin gari. Sauran tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba sai da ta ci mana awa ɗaya da rabi.

Ba a yi wankin ba ranar, jininta ya yi ƙasa, aka ba ta gado. Washegari Juma'a da hantsi ta cika. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, kuma na yarda da shi. Ba taya ce ta kashe mahaifiyata ba, ba zan ɗora wa Baba wannan ba, ba zan ɗora wa kaina ba. Abin da ba na iya saukewa shi ne wata bakwai ɗin nan, Litinin da Alhamis, zuwa da dawowa, da kuma fuskar da ta juyar.

Babagana ya bugo yana kuka, ya ce a nemi motar asibiti ta kawo ta gida. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Ni na kawo ta, ni zan mayar da ita," ya miƙo mini ba tare da ya jira amsa ba. Ma'aikatan suka taimaka muka naɗe ta a zaninta da bargon nan, muka kwantar da ita a kujerar baya. Na shiga, na ɗora kanta a cinyata kamar kullum. Jama'a suna jira a Dogo Tebo, ana so a yi jana'iza bayan la'asar.

Baba bai shiga ba. Ya buɗe ƙofar gaba ya ɗauki gejin daga inda na jefa shi jiya. Ya jujjuya shi a hannu, bai san ta inda ake kama shi ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya sunkuya a kan 'yar takardar nan ya daɗe yana kallo, amma rubutun ya yi masa ƙanana. Sai ya zagayo tagar da nake.

"Nawa kika ce?"

"Talatin da biyu, Baba."

"Da ƙarfi."

"Talatin da biyu!"

Ya roƙi tsinken ashana wurin mai shayi a bakin ƙofar asibiti. Ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a gindin tayar baya, a cikin taɓo, mutumin da direbobin Potiskum suke miƙewa in ya shigo gareji. Na ji iskar tana fita, tsiii, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba. Shi ba ya jin ta, sai ya kara bayan hannunsa a bakin bawul ɗin don ya san tana fita. Ya danna geji, ya miƙo mini ta taga in karanta. Na ce hamsin. Ya koma. Arba'in da ɗaya. Ya koma. Haka muka yi taya huɗu, yana miƙowa ina karantawa, mutane sun tsaya daga nesa suna kallon tsohon da ke sace wa kansa taya da gawa a mota. Da ya gama ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa duk laka. Ƙarfensa yana nan a ƙarƙashin kujera, bai ɗauko shi ba.

Muka kama hanya. Motar tana tafiya lumui, tana haɗiye ramuka, kan Iya ko motsi ba ya yi a cinyata. Na tsani laushin nan fiye da yadda na tsani tsallen. A haka muka wuce Ngelzarma. Da muka shiga Damagum, daidai rumfar mai facin nan, Baba ya rage gudu ya kalli wurin.

"Ranar da ta yi barci," in ji shi, da babbar muryar nan tasa ta wanda ba ya jin kansa. "Na gan ta a madubi. Ke ce kika rage?"

Na gyaɗa masa kai a madubin.

"Ni kuma na tsaya a nan na ƙara."

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya ci gaba da tuƙi. Ga tudun da ke bakin gari. Ya taka birki tun daga nesa, ya haye shi da tayar gaba, ya jira, ya haye da ta baya.

"Ba ta jijjiga ko?"

"Ba ta jijjiga, Baba."

"Me kika ce?"

Na ɗora tafin hannuna a kan kunnen Iya, ban san dalili ba, na ɗaga murya iya ƙarfina na ce masa ba ta jijjiga. Ya gyaɗa kai. A tudu na gaba ya sake tambaya, da na gaba da shi, ina amsawa da ihu, har muka shiga Potiskum.